Gidan Mamaci da Gidan Mai Rai

Ina roƙon a ba ni aron 'yan shafuffuka a cikin wannan mujalla tamu, domin in fitar da wata magana da ta tokare mini ƙirji tun ranar da muka komo daga ziyarar da ƙungiyarmu ta kai Bauchi. Waɗanda muka tafi tare za su tuna an ce kowa ya rubuto bayanin abin da ya gani. To, ni na zauna zan rubuta nawa sai abin ya faskara, saboda tambaya na ɗauko a can, ta kuwa biyo ni har ɗakin kwanana. Ga ta: me ya sa muke yabon ƙaramin gida idan mai shi ya mutu, amma idan yana nan da ransa sai mu mai da shi abin dariya?

Ɗalibi ne ni, ko digirin farko ban karɓa ba tukuna, saboda haka ban ɗauki alkawarin warware ta ba. Amma tun da ni ma ina da hannu a cikin laifin da zan ambata, ina ganin ya halatta in yi magana.

Wurare Uku

Mutumin da muka bi sawunsa shi ne marigayi Alhaji Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa, Firayim Ministan Nijeriya na farko, wanda har yau ba a sake yin wani mai wannan muƙami ba. Mu 'yan sashen Hausa mun san shi ta wata ƙofa dabam, watau ta littafinsa Shaihu Umar, ɗaya daga cikin littattafai biyar da suka fito daga gasar ƙaga labari wadda Rupert East ya shirya a 1933. Wurare uku na gani da idona waɗanda suka shafi rayuwarsa, da su kuma zan fara kafin in shiga gundarin magana.

Na farko tun ina makarantar sakandare na gan shi, sa'ad da aka kai mu tsohuwar Kwalejin Katsina. Ginin ƙasa ne mai kaurin bango, irin wanda in ka shiga da tsakar rana sai ka ji sanyi ya ratsa ka. Gwamna Clifford ya buɗe ta a 1922, daga baya aka mai da makarantar Kaduna a 1938, sa'an nan Zariya, inda ta zama Kwalejin Barewa, tsohon ginin kuwa aka mai da shi gidan tarihi. A nan Abubakar ya yi karatu daga 1928 zuwa 1933, lambarsa 145. An haife shi a 1912 a Tafawa Ɓalewa, mahaifinsa kuwa hidima yake yi a gidan Hakimin Lere. Watau yaron ya shiga wannan makaranta ba sarauta ba dukiya, ba shi da gadon da ya wuce abin da zai zuba a kansa.

Na biyu shi ne gidansa na cikin garin Bauchi. Ba mu shiga ba, domin gidan iyali ne. A ƙofa muka tsaya muka yi addu'a. Amma abin da muka gani daga waje ya isa. Da ba don an nuna mana ba, da sai mu wuce shi ba mu waiwaya ba. Wani abokina ya riƙe baki ya ce, "Kai jama'a! Yanzu nan ne gidan Firayim Minista?" Ya kuwa cancanci ya yi mamaki. Mutumin nan ya zama Ministan Ayyuka a 1952, daga nan ya riƙe Sufuri, ya zama Firayim Minista a 1957, bai bar kujerar ba sai da sojoji suka ɗauke shi daga gidan gwamnati a Ikko, watau Legas, da tsakar daren 15 ga Janairu, 1966, cikin watan azumi. Kimanin shekara 14 ke nan manyan ayyukan ƙasa suna bi ta teburinsa. A zamaninsa aka ja layin dogo daga Kuru ya bi ta Bauchi ya isa Maiduguri a 1964, a zamaninsa kuma aka soma madatsar ruwa ta Kainji. Duk da haka, a Bauchin yau akwai 'yan kwangila da ma'aikata waɗanda gidajensu suka ninka nasa.

Na uku shi ne gidan da ba a fita daga cikinsa, watau makwancinsa. Bayan 'yan kwanaki da ɗauke shi aka tsinci gawarsa a gefen hanyar Ikko zuwa Abeokuta, aka kawo ta Bauchi aka binne, yana da shekara 53. Ginin da ke kewaye da kabarin an soma shi a 1977, aka buɗe a 1979. Abin lura a nan, sojoji suka kashe shi, a zamanin mulkin soja kuma aka yi masa wannan gini. Mai shiga yakan fara bin wani lungu mai duhu, sa'an nan haske ya riƙa ɓullowa kaɗan-kaɗan har ya fita sarari. Mai yi mana jagora ya ce duhun yana nufin zamanin mulkin mallaka, hasken kuwa 'yancin kai. Shi kansa kabarin ba a yi masa rufi ba, rana ta buge shi, ruwa ya sauka a kansa kamar na kowa. A wani ɗaki na gefe an ajiye wasu kayansa, har da rediyo da wata 'yar ƙaramar talabijin.

A mota, kan hanyar komowa, sai hira ta ɓarke. Kowa yana tsine wa shugabannin yanzu, ana lissafa benayensu na Abuja da na ƙasashen waje, ni kuwa na fi kowa ɗaga murya. Wata 'yar ajinmu ta ce, "Allah ka sake ba mu irinsa." Muka amsa da amin. Malamin da ya raka mu, wanda tun da muka taso bai ce uffan ba, sai ya juyo ya ce, "To, in Allah ya ba ku irinsa a cikin danginku, za ku iya da shi?" Aka yi dariya, aka shiga wata hira. Ni dai dariyar ba ta zo mini ba, don nan take na tuna da Baffana.

Baffana

Baffana, wan mahaifina, ya yi shekara 35 yana aiki a ofishin kuɗi na wata ƙaramar hukuma. Ya fara da ƙaramin akawu, ya yi ta hawa har ya zamana takardar biyan kuɗi ba ta fita sai da sa hannunsa. Ran da ya yi ritaya, a kan tsohon babur ɗinsa ya komo, ya ci gaba da zama a sashen da ya gada a gidan kakanmu, ɗaki biyu da rumfa, inda damina ke sa a jera kwanoni a ƙasa. Wani da ya yi aiki a ƙarƙashinsa kuwa, cikin 'yan shekaru ya tayar da bene a bakin titi, ya kai iyayensa Makka, ya gina masallaci a ƙofar gida. In ana ɗaurin aure a unguwarmu shi ake shimfiɗa wa darduma kusa da liman, maroƙa su yi ta zuba kirari. Baffa kuwa duk inda ya sami gefen tabarma nan yake zama.

Me muke cewa a kansa a cikin gida? Cewa muke ya tsaya kallon ruwa kwaɗo ya yi masa ƙafa. Cewa muke bai yi wa kansa ba, bai yi wa kowa ba. Lokacin bikin yayata, da aka zauna lissafin kayan ɗaki aka ga ɗan abin da ya kawo, ni da bakina na ce wa mahaifiyata, "Inna, wannan wane irin mutum ne, shekara 35 yana gadin rijiya ya komo gida da ƙishirwa?" Aka yi shewa, har aka riƙa maimaita maganar, ni kuwa ina jin daɗi wai na yi azanci. Da wannan bakin ne na tsaya a kan kabarin Abubakar ina cewa Allah ya jiƙan maza.

To, me ya raba su? An ba wannan amana bai taɓa ba, an ba wancan bai taɓa ba. In akwai bambanci, sai dai a girman amanar. Don me ɗaya ya zama gwarzo, ɗaya ya zama sakarai?

Na juya abin ta ko'ina, amsar da na samu ba mai daɗi ba ce. Gaskiyar mamaci ba ta cin mana komai. In na yabi Abubakar ko kwabo ba ya fita daga aljihuna, har ma riba nake samu, domin yabon yana ba ni sandar da zan doki shugabannin yanzu, in kuma ji a raina cewa ni mutumin kirki ne. Gaskiyar mai rai kuwa tsada gare ta, kuma mu na kusa da shi mu ne masu biya. Saboda gaskiyar Baffa ne ba a saya wa yayata gado na gani na faɗa ba, saboda ita ce ba a cusa sunan wana a takardar albashi ba, saboda ita ce kakarmu ta rasu ba ta ga Ka'aba ba. Ashe abin da muke so shi ne a riƙe gaskiya a can nesa, a gidan wasu. Muna son mai amana a Abuja, muna son mai dogon hannu a zaurenmu.

Mun manta kuwa kowane shugaba Baffan wasu ne. Gwamnan da muke zagi yana da ƙanne da surukai da abokan ƙuruciya masu cika masa zaure tun da asuba, wannan da takardar asibiti, wancan da ta makaranta, wancan da zancen aure, ba kuma mai tambayarsa nawa ne albashinsa. In ya ba su, ɗan albarka ne. In ya hana, ya manta asali. Wannan bai wanke ɓarawo ba, kowa ya ɗebo da zafi bakinsa. Amma Hausawa sun ce in ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Tun da nazarin harshe muka zo yi, bari mu saurari bakinmu. Wanda ya wawuri dukiyar jama'a ba mu cika cewa ya yi sata ba. Cewa muke "ya samu", ko "kakarsa ta yanke saƙa", ko "Allah ya buɗa masa". Toshiyar baki mun raɗa mata sunaye masu ƙamshi: goro, gaisuwa, alheri, ihsani. Abin kuwa ya daɗe, don littafin Kitabul Farƙi, wanda ake danganta wa Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, ya lissafa gaisuwa cikin miyagun al'adun masu mulkin wancan zamani. Wanda ya ƙi karɓa kuma, sunansa "mai taurin kai", ko "mai baƙin ciki", ko "ba ya ci ba ya bari a ci". Har karin magana gare mu na kare kai, wai kowa ya samu rana sai ya yi shanya. Yaron da ya tashi yana jin wannan harshe a tsakar gida shekara 20, kada a yi tsammanin ziyarar yini ɗaya za ta kankare masa.

Abin da Za a Iya Ce Mini

Na san akwai masu ja, hujjojinsu kuwa ba na yarwa ba ne.

Wani zai ce zamani ya sake. A da albashin malamin makaranta yana riƙe gida, yau kuwa na babban ma'aikaci ba ya kai ƙarshen wata, fansho kuma sai an sha sintiri. Akwai gaskiya a nan, kuma hukumar da ta bar ma'aikacinta da yunwa ta ajiye shi gadin rumbu ita ma tana da alhaki. Sai dai in yunwa ce kaɗai ke sa sata, ai da mai gida ɗaya ya ƙoshi ya tsaya. Me ya sa mai gida 10 yake neman na 11? Wanda ya ɗebi mudu don 'ya'yansa su kwana da abinci, hukuncinsa dabam. Wanda ya kwashe rumbun don a yi masa kirari a wurin biki, mu masu kirarin muka aike shi.

Wani kuma zai ce, shin talauci abin alfahari ne? A'a. Addini bai hana yalwar gida ba, yana ma ƙidaya ta cikin ni'imomi. Alhaji Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, ya tara dukiya mai yawa ta hanyar fataucin goro da cinikin gyaɗa, ba wanda ya ce ya yi abin kunya. Abin tambaya a kowane gini shi ne da kuɗin wa aka sayi tubalin. Ɗan kasuwa ya tayar da bene goma in ya iya. Amma mai albashi, wanda kowa ya san iyakar abin da ake biyansa, in gidansa ya fi ƙarfin albashinsa, to, bangon nan da kansa yana ba da shaida.

Hujja ta uku ita ta fi yi mini nauyi. Za a ce mai gaskiya shi ya zaɓi wahala, amma 'ya'yansa fa, su da ba a yi shawara da su ba? 'Ya'yan Baffa sun sha zama a gida saboda kuɗin makaranta, alhali 'ya'yan mai bene suna karatu a ƙasar waje. Wannan ciwo ne na gaske, ba kuma zan shafe shi da daɗin baki ba. Abin da kawai zan ce, kuɗin da za a kai su waje da shi ba daga sama zai faɗo ba. Kuɗin maganin wani asibitin ƙauye ne, ko na rufin wani aji, ko albashin wani mai shara, su ma kuwa da 'ya'yansu. Bambancin kurum, 'ya'yan Baffa tare muka tashi, waɗancan kuwa ba su taɓa yi mini kuka a kunne ba.

Abin da Gida Ba Ya Faɗa

Zuwa nan mai karatu zai zaci cewa nake duk mai ƙaramin gida ya gama cika adali. Ban ce haka ba, kuma nan ne ziyarar irin waɗannan wurare take da haɗari. Gida shaida ne a kan abu ɗaya tak, watau abin da hannun mai shi ya ɗauka ko bai ɗauka ba. Labarin abin da aka yi da ikon da aka riƙe kuwa, wannan sai a littattafan tarihi.

Tarihin Abubakar yana da wuraren da za a jinjina masa. A 1950, yana ɗan Majalisar Wakilai ta Arewa a Kaduna, ya miƙe ya nemi a yi wa mulkin En'e gyara, a lokacin da taɓa ikon sarakuna ba wasa ba ne. A 1961 gwamnatinsa ta yanke hulɗa da Faransa saboda gwajin bam ɗin nukiliya da take yi a hamadar Sahara. Amma akwai kuma wuraren da har yau ake tuhumar gwamnatin. A 1962 ta kafa dokar ta-ɓaci a Jihar Yamma, abin da 'yan hamayya suka ɗauka ɗaure wa ɓangare ɗaya gindi ne, a 1963 kuma kotu ta ɗaure Cif Obafemi Awolowo shekara 10. A 1964 aka tura sojoji ƙasar Tibi. Bayan zaɓen Jihar Yamma na watan Oktoba 1965, wanda aka yi ta kukan an tafka maguɗi a cikinsa, aka shiga ƙone-ƙone da kashe-kashe har na watanni, gwamnatin tarayya kuwa ba ta ɗauki irin matakin 1962 ba. Ana cikin wannan wuta ne Ikko ta karɓi baƙuncin taron shugabannin ƙasashe renon Ingila, 'yan kwanaki kafin juyin mulki. A Arewa kuma 'yan NEPU suna shan ɗauri a hannun 'yan doka da kotunan En'e, shi kuwa shi ne mataimakin shugaban NPC mai mulki. Ga kuma zargin da ya yawaita a lokacin, cewa wasu masu riƙe da muƙamai suna karɓar kashi 10 cikin 100 na kuɗin kwangila.

Ban kawo waɗannan don in ɓata sunan mamaci ba, babu kuma ɗayansu da ya halatta jinin da aka zubar a Janairun 1966. Masu kare shi suna cewa gwamnatin haɗin gwiwa yake jagoranta, tsarin mulki ya ba jihohi ƙarfi ƙwarai, shugaban jam'iyyarsa kuma, Sardaunan Sakkwato, yana Kaduna. Wannan muhawara ta masana tarihi ce, a bar musu. Abin da ni na tsinta a ciki shi ne, amana hawa biyu ce. Hawa na farko, kada ka ci. Hawa na biyu, kada ka bari a ci, kada ka bari a zalunci wanda ke ƙarƙashinka. Gidan Bauchi ya isa shaida a kan na farko. Na biyu kuwa ba a gane shi daga ƙofar gida.

A nan nake ganin littafinsa ya fi gidansa bayyana shi. Duk wanda ya karanta Shaihu Umar ya san haƙuri ya ratsa shi daga farko har ƙarshe. An yi wa Makau ƙage a fada an kore shi, ya haƙura. An sace Umar yana yaro, daga bisani aka ƙetare hamada da shi, ya haƙura, ya yi karatu, ya komo ya zauna a Rauta yana koyarwa. Saurayin da ya rubuta wannan, a lokacin tsaranmu ne, ɗan kimanin shekara 21, lalle haƙuri yana da girma a idonsa. Haƙuri kuwa ado ne ga wanda aka zalunta. Amma wanda aka ba sanda ya tsare garke, in ya yi haƙuri da kura, awaki ne za su biya. Hali ɗaya yana iya zama kyan mutum a ɗakinsa, ya zama rauninsa a kan kujera.

Komawa Wurin Baffa

Da muka sami hutu na tafi gida, na iske Baffa da yamma a rumfarsa yana sauraron rediyo. Na durƙusa na gaishe shi, na ba shi labarin tafiyarmu, sa'an nan na daure na ce, "Baffa, akwai wata magana da na taɓa faɗa a kanka, na zo ka yafe mini." Ya ce, "Ta rijiya? Ai ta iso ni tun a ranar." Kunya ta rufe ni, kamar ƙasa ta tsage in shige. Ya ce ya yafe, ya kuma ce kada in ɗauke shi waliyyi, shi ma ya so gida kamar kowa, sau da yawa yakan kwana yana juyi.

Sa'an nan ya faɗi abin da ban zata ba. Ya ce, "Ɗana, ni dai ban ci ba, amma na ga ana ci. Takardar da na ƙi sa wa hannu, sai a jira in tafi hutu a ba wani ya sa. Na sani, na yi shiru. Wannan shirun shi nake tsoro gobe kiyama." Na ce, "To, Baffa, me ya hana ka magana?" Ya ce, "In na yi magana aka kore ni, wurin wa zan komo? Ku da kuke ce mini sakarai ina da aiki, me za ku ce mini in ba ni da shi?"

Wannan amsa ita ta haɗa mini bakin zaren. Hawa na biyu na amana ba ya hawuwa sai da masu riƙe tsani. Mutumin da aka bari shi kaɗai, ofis na yi masa kallon maƙiyi, gida na yi masa kallon wawa, iyakar ƙarfinsa ya tsare hannunsa, ba shi da sauran da zai riƙe hannun wani. Yabon da muke tarawa sai mutum ya mutu mu kai masa kabari, da mun ba shi tun yana da rai, da ya zame masa garkuwa. Mamaci ba abin da yake buƙata gare mu sai addu'a. Mai rai shi ke buƙatar a shimfiɗa masa darduma.

Kammalawa

'Yan'uwana ɗalibai, maganar nan tamu ce kafin ta zama ta kowa. Nan da shekara ɗaya ko biyu za mu fita da takardu a hannu, wasunmu su shiga aji, wasu gidan rediyo, wasu ofisoshin da kuɗi ke bi ta cikinsu. Kowannenmu akwai idon da ke jiransa a gida. Ni kaina sai da mahaifiyata ta sayar da tumakinta aka biya mini kuɗin rajista, na kuma san rufin ɗakinta yana jiran albashina na farko. Ba zan cika baki in ce lalle zan tsallake ba, tun da ban shiga ruwan ba tukuna. Amma akwai abin da yake hannuna tun yau, ba sai na sami kujera ba: in daina yi wa mai gaskiya dariya, in tashi in ba shi wuri a taro, in kuma na ga bene ya tsiro a kan albashin da bai kai ba, kada a gan ni cikin masu zuwa barka.

Ban ce a daina zuwa Bauchi ba, ko Gidan Arewa a Kaduna inda Sardauna ya zauna, ko Gidan Mambayya a Gwammaja inda Malam Aminu Kano ya zauna aka kuma binne shi. A je, gani ya kori ji. Amma a je da littafin tarihi a hannu. In an komo kuma, kafin a zagi na Abuja, a duba cikin dangi da unguwa. Da wuya a rasa wani tsohon malami ko akawu ko ma'aikaciyar asibiti da suka ƙare aiki suka fito hannu rabbana. Gidajensu ba sa cikin jerin wuraren tarihi, ba kuma sai an ɗauki hayar mota ba, sallama kawai ake yi a shiga.

Allah ya jiƙan Abubakar, ya gafarta masa kurakuransa, mu kuma ya ba mu ikon gane irinsa tun suna raye.